MALAM HOGBEN: BATUREN DA YA BAR MANA ƘWALLON BANGO DA LITTAFIN TARIHI

A wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kuma ba na kishiyoyi ba ne. Na ɗan jingine alƙalamin ƙagaggen labari ne domin in taɓo tarihin wani malamin makaranta da ya yi zamani a ƙasar nan shekaru ɗari da suka wuce, wanda da yawa daga cikinmu mun ci moriyar aikinsa ba tare da mun taɓa jin ko sunansa ba. Sunansa S. J. Hogben, Baturen Ingila ne, ma'aikacin Sashen Ilmi na Jihar Arewa a zamanin mulkin mallaka.

Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne, mutum ɗaya ne ya riƙe abu biyu waɗanda a yau muka raba musu gida: da safe yana cikin aji da alli a hannu, da la'asar yana filin wasa tare da yaran da ya koyar. Ya bar wasa a ƙasar Hausa wanda har yanzu ana yin sa, ya kuma bar littafin tarihin masarautunmu wanda aka daɗe ana karantawa, har da babin ƙasarmu ta Yauri a ciki. Yadda waɗannan abubuwa biyu suka ƙare a hannunmu, shi ne abin da nake son mu duba tare.

KWALEJIN KATSINA

Kafin a san Hogben sai an san gidan da ya yi aiki. Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Daga nan aka yi ta buɗe makarantun larduna. To amma sai matsala ta taso: ina malaman da za su koyar? Turawa ba su da yawa, kuma ba sa son ɗauko malamai daga Kudu, don gudun kada sarakuna su ce an kawo masu canza wa 'ya'yansu addini. Wannan ne ya sa aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya zo da kansa ya buɗe ta a watan Maris na 1922.

Zaɓen Katsina ba a banza aka yi shi ba. Gari ne mai tsohon suna a fagen ilmi tun zamanin Gobarau da su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Sannan ga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mutum mai buɗaɗɗen ido, wanda ya je Makka ya kuma je Ingila a 1921, ga shi da son dawaki da wasan folo. Sarkin da ke son wasa ba zai ga laifin makarantar da ake guje-guje da tsalle-tsalle a cikinta ba.

Ginin kwalejin na jar ƙasa ne, irin na magina Hausawa, yana nan har yau a Katsina an mai da shi gidan tarihi. Karatun shekara biyar ne. Ana tsamo yara 'yan ƙalilan daga kowane lardi, waɗanda suka fi ƙwazo, da yawansu 'ya'yan sarakuna da alƙalai da ma'aikatan En'e. A wancan lokaci yaro daga Sakkwato a ƙafa yake zuwa Katsina, tafiyar kwana da kwanaki, da 'yan dako ɗauke da akwatinsa. To ku auna yaron da zai taso daga Yelwa ko Ngaski, wanda kafin ma ya kai Sakkwato ya riga ya sha tafiya.

A 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 aka raɗa mata sunan da muka sani yanzu, Kwalejin Barewa. A wannan gida ne, a shekarunsa na farko, Hogben ya koyar. Ya zo Nijeriya a farkon shekarun 1920 yana saurayi, ya yi aiki a Katsina, ya kuma yi a Birnin Kebbi.

ME YA HAƊA MALAMI DA FILIN WASA?

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan wanda aka ɗauko don ya koyar da Turanci da lissafi da tarihi da harkar ƙwallo? Amsar tana cikin irin tarbiyyar da su kansu Turawan suka samu. A manyan makarantun kwana na Ingila, inda ake rainon 'ya'yan masu mulki, sun yi imani cewa hali a filin wasa ake gina shi. A ganinsu a nan yaro ke koyon bin doka ko ba mai kallonsa, da haƙuri in an ci shi, da rashin fankama in ya ci, da yin aiki da 'yan'uwansa. Don haka in za a ɗauki jami'in da za a turo ƙasashen da suke mulka, ba takardar digirinsa kaɗai ake dubawa ba, har da wasan da ya iya. Shi ya sa a Kwalejin Katsina wasa dole ne, ba ganin dama ba. Ana kurket, ana tamaula, ana guje-guje, kuma babu wani koci na daban da ake biya. Malaman aji su ne masu horarwa.

Ba a Ingila kaɗai aka yi wannan tunani ba. A Amurka akwai wani mutum mai suna Amos Alonzo Stagg, wanda aka haifa a 1862. Ya yi karatu a Jami'ar Yale da niyyar zama mai wa'azin coci, sai ya ga ba shi da baiwar magana a gaban jama'a, ya yanke shawarar zai gyara halin samari ta hanyar wasa. A 1892, da aka buɗe Jami'ar Shikago, shugabanta William Rainey Harper ya ɗauke shi ya horar da 'yan ƙwallon Amurka, wato irin tasu mai kama da ƙwai wadda ake runguma a ruga da ita. Abin da ya bambanta shi da sauran masu horarwa na lokacin shi ne an ba shi kujerar malanta sosai, daidai da sauran malaman jami'a, har ya kai farfesa. Ya riƙe ƙungiyar daga 1892 har 1932, da suka ce ya tsufa ya koma wata kwaleji a Kalifoniya ya ci gaba, bai rasu ba sai 1965 yana da shekara 102.

Amma ku ji yadda ta kaya a can. Wasan ya yi ta girma, kuɗi suka shigo, 'yan kallo dubbai, har ƙwallo ta fara fin karatu daraja a wasu jami'o'in. A 1939, shekara bakwai kacal bayan tafiyar Stagg, Jami'ar Shikago ta soke ƙungiyar ƙwallonta ɗungurungum, don shugabanta na lokacin yana ganin abin ya zama kasuwanci. Sai bayan shekaru talatin suka dawo da ita, a ƙaramin mataki. Na kawo wannan ne don a ga cewa haɗa aji da fili a hannun mutum ɗaya abu ne mai wuyar riƙo, ko a ƙasar da ta fi mu kuɗi.

WASAN DA YA BI TEKU YA ZO BIRNIN KEBBI

Wasan da aka fi danganta shi da Hogben shi ne wanda Turawa ke kira Fives, ni kuwa a nan zan riƙa ce masa ƙwallon bango, don da tafin hannu ake dukan 'yar ƙwallo tana bugun bango tana dawowa. Asalinsa daga Kwalejin Eton ne, makarantar da Sarkin Ingila Henry na Shida ya kafa a 1440. Yaran makarantar, in suna jiran a buɗe musu ɗakin ibada, sai su riƙa buga ƙwallo a wani lungu na jikin ginin, tsakanin ginshiƙai biyu, kusa da gindin matakala. Da wasan ya karɓu, a 1840 aka fara gina masa ɗakuna na musamman, aka kwaikwayi wannan lungu sak, har da karkacewarsa.

Shi ya sa ɗakin wasan yake da siffa mai ban mamaki. Bango uku ne, gaba da hagu da dama, baya a buɗe. Daɓen hawa biyu ne, na gaba ya ɗan fi na baya tudu. A jikin bangon hagu akwai wani ɗan guntun gini da ya turo ciki, wanda in ƙwallo ta same shi ba wanda ya san inda za ta nufa. Mutum huɗu ke bugawa, biyu-biyu. Kuma a asalin dokarsa babu alƙalin wasa. In ƙwallo ta yi tsalle biyu kafin ka doke ta, kai da bakinka za ka ce ta faɗi. In ka tare wa abokin karawarka hanya, kai za ka ce a sake. Wasa ne da aka gina shi kan amana, kuma wannan shi ne abin da malamai irin su Hogben ke son cusa wa yaran da za su zama alƙalai da ma'aji da hakimai.

A shekarun 1920 Hogben ya sa aka gina irin waɗannan ɗakuna a Katsina da Birnin Kebbi. To a nan ne labarin ya yi daɗi. A Ingila da dutse da siminti ake ginin, ƙwallon ƙarama ce mai tauri, 'yan wasa kuma suna sa safar hannu ta fata mai kauri. A nan kuwa da tubalin ƙasa magina suka yi aikin. Ƙwallo mai tauri tana farfasa bangon ƙasa, safar fata kuma sai an yi odarta daga Turai. Sai aka koma ga ƙwallon tanis, ana dukanta da hannu tsura. Ƙwallon tanis ta fi tsalle, don haka salon wasan ya canza, ya ƙara sauri, ya zama ko ɗan talaka zai iya shiga tunda ba sai ya sayi komai ba. Hausawa na cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Abin da ya faru daga nan ko shi Hogben ba na jin ya zata. A ƙasarsa ta asali wasan bai cika fita daga katangar makarantu ba. A Arewa kuwa ɗaliban Katsina, da suka gama suka watsu larduna suna koyarwa, kowa ya tafi da shi garinsu. Ya shiga makarantun Midil, daga nan ya fito cikin gari. Aka gina ɗakunansa a Sakkwato da Kano da Zariya da Kaduna da sauran garuruwa, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu suka riƙa haɗuwa bayan la'asar, jama'a na kewaye da su ana shewa. 'Yan jaridar Ingila da suka zo daga baya sun sha rubuta mamakinsu na ganin wasan 'ya'yan gata na Eton ya zama na kowa da kowa a Katsina.

YARAN DA SUKA FITO DAGA GIDAN

Mafi shahara cikin waɗanda suka kamu da son wannan wasa shi ne Ahmadu Raɓah, wanda duniya ta sani da Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya zama kyaftin na ƙwallon bango, ya kuma ba da labarin haka a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962. Da ya gama ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa har 1934, lokacin da aka naɗa shi hakimin Raɓah. Ko da ya zama Firimiya a 1954 bai bar wasan ba. Yakan tuɓe babbar riga ya shiga ɗaki da ministocinsa da ma'aikatansa, kuma a wata ziyara da ya kai Ingila har Eton ya je ya buga a inda wasan ya samo asali. Kofin da ake gasar ƙwallon bango a kansa a Arewa ma sunan Sardauna yake ɗauke da shi.

Mu kuma ma'abota littattafan Hausa muna da namu rabon a wannan gida. Abubakar Imam ya yi karatu a nan daga 1927 zuwa 1932. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi daga 1928 zuwa 1933. Malam Bello Kagara, yayan Imam, malami ne a kwalejin. Rupert East ma ya koyar a nan kafin ya koma Hukumar Fassara a Zariya. Da East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, uku daga cikin littattafai biyar da aka buga daga hannun mutanen wannan gida suka fito: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Ashe yaran da ake korawa filin wasa da la'asar su ne suka aza harsashin sana'ar da ni da ire-irena muke ci da ita yau. Duk mai cewa wasa yana hana karatu, ga amsarsa.

Sai dai kada mu yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba. Kwalejin ƙarama ce ƙwarai in aka auna ta da yawan mutanen Arewa, kuma da gangan aka bar ta haka, don Turawa ma'aikatan En'e suke nema, ba masu tambayar dalilin mulkinsu ba. Ba mace ko ɗaya a ciki. Ɗan masunci daga tsibiran Kwara, ko ɗan manomi Bakambare, hanyarsa ta zuwa can ƙunƙuntacciya ce. Sannan wasannin da aka ɗaukaka na baƙi ne. Kokawa da dambe da langa, waɗanda kakanninmu suka gina jiki da hali da su, ba su samu irin wannan gata ba.

LITTAFIN MASARAUTU

Ɗaya hannun na Hogben kuma alƙalami yake riƙe da shi. Malamin da ke koyar da yaran Arewa a wancan lokaci yana da littattafan tarihin Ingila da na Rum birjik, amma na ƙasar yaran babu wani guda ɗaya da ya tattara komai. Labaran suna warwatse, wasu a rubuce-rubucen Larabci irin su Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Tarihin Kano, wasu a littattafan matafiya irin su Clapperton da Barth, wasu a rahotannin da Razdan-Razdan da Di'o-Di'o suka tattara daga bakin fadawa da dattawa. Hogben ya zauna ya harhaɗa su, a 1930 Maɗaba'ar Jami'ar Oksfod ta buga masa littafi mai suna The Muhammadan Emirates of Nigeria.

A shekarun 1930 aka ɗauke shi daga Nijeriya aka kai shi Falasɗinu, wadda a lokacin take hannun Ingila, ya ci gaba da aikin ilmi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya zama daraktan ilmi a tsibirin Tirinidad, can yankin Karebiyan. Haka rayuwar ma'aikacin mulkin mallaka take, yau yana nan gobe yana wata nahiyar. Amma Arewa ba ta fita daga ransa ba. Bayan shekaru fiye da talatin ya dawo kan littafinsa, ya haɗa gwiwa da Anthony Kirk-Greene, tsohon Di'o wanda ya koyar a Zariya, mai littafin karin maganar nan Hausa Ba Dabo Ba Ne. Suka faɗaɗa shi ƙwarai, ya fito a 1966 da sunan The Emirates of Northern Nigeria. A 1967 kuma Hogben ya fitar da taƙaitaccensa domin 'yan makaranta.

Allah Sarki! Ku dubi shekarar. A ranar 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas aka kashe shi. Littafin tsohon malamin Katsina ya fito ne a shekarar da aka rasa manyan 'ya'yan kwalejin guda biyu.

INA YAURI A CIKIN LABARIN?

Yanzu bari in dawo gida. Duk ɗan Yauri ko Ngaski ko Shanga da ya buɗe littafin Hogben zai tarar da babin masarautarmu. Zai ga jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe da zuwan baƙi. Mu dai mun san ƙasarmu ba baƙuwar tarihi ba ce. Mungo Park ya ratsa ta cikin jirginsa a 1806 kafin ya halaka a Busa. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun sauka a Birnin Yauri a 1830. A 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da gadon sarauta Yelwa. A 1930, shekarar da littafin Hogben na farko ya fito, wani jami'in mulki mai suna P. G. Harris shi ma ya buga dogon bayani kan mutanen Yauri a wata mujallar masana ta Landan.

To amma littafin Hogben, kamar yadda sunansa ya nuna, daga ƙofar fada yake kallon ƙasa. Wane ya hau, wane ya sauka, wane ya ci wane da yaƙi. Gungawa da suka san kowane dutse da kowace kwarara a cikin kogi, Kambari da Dukkawa da Shangawa da Lopawa, masu noman albasa da masu sassaƙa jirgi, waɗannan ba su da babban wuri a irin wannan tsari. Sannan littattafan wancan zamani su ne suka ƙara kafa lissafin nan na Hausa Bakwai da Banza Bakwai a kan allon makaranta, inda yaron Yauri zai zauna a aji ya haddace cewa garinsu yana cikin kashi na biyu. Kowa ya san yadda kalmar banza take sauka a kunnen Bahaushe.

Gyaran wannan bai zo daga Landan ba, daga Ngaski ya zo. Mahdi Adamu, ɗan ƙasar nan, ya yi digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968 a kan mulkin Yauri a ƙarni na 19. A 1978 ya fitar da babban littafinsa, The Hausa Factor in West African History, inda ya bi sawun fatake da malamai da masu sana'a Hausawa har Gwanja da ƙasar Ashanti da bakin teku. A irin wannan kallo, Yauri ta daina zama wani lungu a gefen taswira, ta koma mashigi a kan babbar hanyar goro, inda ayari ke ƙetare Kwara. Farfesa Mahdi ya shugabanci Jami'ar Sakkwato a shekarun 1980. Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi ma, wanda aka naɗa Sarkin Yauri a 1999, ya shugabanci wannan jami'a kafin ya hau gadon sarauta.

Kun ga abin da ya faru da ƙwallon bango shi ne ya faru da tarihin. Baƙo ya kawo abu a siffar da ya sani, 'yan gida suka karɓa, suka cire abin da bai dace da ƙasarsu ba, suka sa nasu. Da an ce dole sai da safar fata da ƙwallon Ingila, da wasan ya mutu ranar da Hogben ya hau jirgi. Da kuma an ɗauki littafinsa a matsayin magana ta ƙarshe, da har yau ta bakin wani muke jin labarin kanmu.

Wani abin lura kuma, shekarar da Mahdi Adamu ya kammala wancan bincike, 1968, ita ce shekarar da aka gama madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya taso ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in aka sake musu matsuguni, Gungawa da yawa a cikinsu. Kufai da makabartu da wuraren da dattawa ke nunawa da yatsa in suna ba da labari, duk suna ƙarƙashin tafki yanzu. Abin da ba a rubuta ba, kuma ba a gaya wa yara ba, ya tafi ke nan.

MU KUMA ME MUKA YI DA GADON?

A lokacin da nake sakandare, a shekarun 1990, na riski ɓurɓushin wancan tsari. Muna da wani malami da ke koya mana tarihi, shi ne kuma mai riƙe da ƙungiyar ƙwallon makaranta. Ba a ƙara masa ko kwabo a kan albashinsa don wannan aiki. Dokarsa ɗaya ce: wanda bai zo aji da safe ba, kada ya sa ƙafa a fili da yamma. Na san yara da dama waɗanda wannan doka ce kaɗai ta riƙe su a makaranta har suka gama, don ba Turanci ko lissafi ke kawo su ba, ƙwallo ce. Kuma saboda ya san mu a fili, ya san mai zuciya, ya san mai ha'inci, ya san wanda ya zo da yunwa, abin da malamin da ke shiga aji minti arba'in ya fita ba zai taɓa sani ba.

Yau fa? Ku zaga ku gani da idonku. Makarantu masu zaman kansu da yawa a gidan haya suke, ko wurin da yara za su yi layi babu, balle fili. A wasu na gwamnati an yanka gefen filin an yi shaguna. Samarinmu sun san sunan kowane ɗan wasan Arsenal da Barcelona, suna cika gidan kallo har tsakar dare, amma ƙafarsu ba ta taɓa ƙwallo. Darasin tarihi kuwa, an cire shi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009, aka yi shekaru kafin gwamnati ta dawo da shi. Wato hannu biyun da Hogben ya yi aiki da su, duka mun sake su a lokaci guda.

Ba cewa nake a koma zamanin Turawa ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake mu yi abin da iyayenmu suka yi, mu ɗauki dabarar mu zuba mata namu kayan. Mu a Yauri ba mu rasa abin zubawa ba. Kokawar Gungawa ta yi suna har wani masani Ba'amurke, Frank Salamone, ya yi rubutu a kanta a shekarun 1970. Muna da Rigata, bikin tseren jirage da iyo wanda ke tara jama'a a bakin kogi. Me zai hana makarantun Yelwa da Wara da Shanga su riƙa gasar kokawa da langa da tuƙi tsakaninsu a kowane zango? Me zai hana a koya wa kowane yaro da yarinya iyo, mu da rayuwarmu ke kan ruwa? Duk wanda ya tuna haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021 ya san wannan ba zancen nishaɗi kaɗai ba ne. Ɗakin ƙwallon bango kuma bango uku ne kawai da ƙwallon tanis ɗaya, bai fi ƙarfin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba.

Haka nan malamin da zai kai yara bakin ruwa su yi tsere, shi ya fi dacewa ya nuna musu inda tsibirin kakanninsu yake kafin 1968, ya sa su je su tambayi tsofaffin da suka rage, su rubuto a littafi. Waɗanda suka ga tashin da idonsu suna da wayo, yanzu sun haura shekara sittin da biyar, kullum kuma raguwa suke yi.

Ina kira ga shugabannin makarantu da iyayen yara da sarakunanmu, da ku 'yan'uwana marubuta, mu ɗauki wannan magana da muhimmanci. In akwai wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi Katsina ko Kaduna ko Midil ta Sakkwato daga ƙasar Yauri, ya daure ya rubuta abin da ya ji daga bakinsa, ko shafi biyu ne, don na baya su samu.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ke raye kuma ya saka musu da alheri.